Wa Ke Kai Rahotonmu?

Abubuwa da yawa sun faru da ni a wurin aiki waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma wannan da zan ba ku labari, ko na so in manta da shi ba zai yiwu ba. Shekaru sun ɗan ja, na bar kamfanin, na kama wata sana'a, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunya ta lulluɓe ni kamar jiya aka yi.

A lokacin ina aiki da wani kamfani mai hulɗa da manoma, yana da reshe a nan Kontagora, hedikwatarsa kuma tana Abuja. Mu goma sha ɗaya ne masu fita ƙauyuka. Aikinmu shi ne mu hau babur mu nausa, wasu ta wajen Mashegu, wasu ta Ibeto, wasu har Rijau, mu yi wa manoma rajista, mu auna gonaki, mu duba yadda masara da waken suya suke tasowa, mu ɗauki hoto mu tura. Kowa kamfani ya ba shi babur da waya. Aiki ne mai gajiya, amma muna jin daɗin junanmu. Da yamma idan an dawo, a kwano ɗaya muke cin abinci, a bayan ofis.

A bayan ofis ɗin nan ne rumfar makanikenmu take. Dattijo ne mutumin wajen Rijau, Dukanci ne harshensa na gida, Hausarsa kuma tana da wata 'yar lanƙwasa da muke tsokanarsa da ita, shi ma yana dariya. Kowa Baba yake ce masa, har manaja. Ya riga mu duka shiga kamfanin. Yana da wata ɗabi'a da muka saba da ita: idan ka dawo daga daji, kafin ka kashe babur ya taso, ya zagaya shi, ya shafa taya, ya duba mitar tafiya, sannan ya fara tambaya.

"Ɗana, yau ta rafi ka bi ke nan? Wannan lakar ba ta hanyar Mashegu ba ce."

Kuma da wuya ya yi kuskure. A da, abin burge mu yake yi. Mukan ce Baba ya fi mu sanin inda muka je.

Farkon wata damina aka aiko mana da sababbin babura daga hedikwata, aka kuma karɓi wayoyinmu aka sa musu sabuwar manhaja. Manaja ya tara mu ya ce manhajar tana aiki ne da ƙirƙirarriyar basira, za ta taimaka wa sashen kula da ma'aikata su gane mai ƙwazo, don kada a riƙa yin son kai wajen ƙarin girma. Muka yi murna, saboda dukkanmu mun san yadda ake fifita ɗan gidan wane a kan wanda ba shi da kowa. Babu wanda ya tambayi me manhajar take gani, ko wa take faɗa wa. Yanzu idan na tuna, mamaki nake yi yadda manya goma sha ɗaya muka zauna muka gyaɗa kai kawai.

Ba a yi wata guda ba takardar tuhuma ta farko ta iso. Ta waya ta zo, da sa hannun shugaban sashen ma'aikata a ƙasa. Wanda ta samu wani abokin aikina ne, dogo mai saurin fushi, wanda mukan tafi Mashegu tare. Takardar ta ce an samu rahoto cewa ranar Talata ya bar hanyar aikinsa ya yi yawon da ba na kamfani ba har na awa uku. Gaskiya ne ya bar hanya. Mutanen wani ƙauye ne suka tare shi suka ce kada ya bi ta gaba, an ga masu bindiga da safe, shi ya sa ya yi dogon zagaye. Ya rubuta amsa ya tura, ba a ce masa komai ba. Bayan kwana huɗu wata ta zo wa wani, ita kuma ta ce ya daɗe a wani gari ranar Juma'a ba tare da ya shiga gona ko ɗaya ba. Sai ta uku, sai ta huɗu. Kowace da kalmar nan take farawa: an samu rahoto.

Muka je wurin manaja. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni ma daga sama nake ganinsu kamar ku. Ku dai ku kula, akwai ido a kanku."

Wannan maganar ita ta lalata mana zama. Ido na wa? Muka fito kowa yana satar kallon ɗan'uwansa.

Ba wai ba mu yi tunanin waya ba. Ita muka fara zargi, tunda da ita muke auna gona, ta san taswira. Dogon nan ya ce zai gwada. Wata rana ya kashe wayarsa tun daga bakin gari, ya ratse ya je ta'aziyya a wani ƙauye, ya dawo kan hanya sannan ya kunna. Bayan kwana biyu takarda ta zo, da sunan ƙauyen, da lokacin da ya isa da lokacin da ya tashi. Ya shigo bayan ofis yana huci, ya nuna mana.

"Waya a kashe take," ya ce. "To ku faɗa mini, waya a kashe tana magana? Mutum ne. A cikinmu yake."

Ban san wanda ya fara ambaton Baba ba. Na dai san da aka ambace shi, kowa sai ya fara tuno abin da zai ƙara. Wa ke duba mitar kowane babur kullum? Wa ke tambayar ina ka je, wa ka gani? Wa ke shiga ofishin manaja da rana lokacin da duk muna daji? Wa kuma har yanzu ba a taɓa aiko wa takarda ba? Duk abin da a da muke gani a matsayin kulawa, a yammacin nan ya koma hujja.

Ni ban yarda nan take ba, kuma na daɗe ina amfani da wannan wajen lallashin kaina. Na ce musu a bari in tabbatar. Mahaifiyata a lokacin tana Ibeto a gidan yayana, tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Idan aiki ya kai ni wajen, nakan ratse in duba ta. Sai na shirya tarko. Wata Laraba na bar wayata a ofis a kan caji, kamar mantuwa na yi. Ban gaya wa kowa inda zan ratse ba, ko matata. Sai da na zo fita na tsaya a rumfar Baba, na ce ya ƙara mini iska a tayar baya.

Yana busawa na ce, "Baba, yau zan ɗan leƙa tsohuwa a Ibeto. Amma tsakanina da kai ne."

Ya ɗago ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ka ce ina gaishe ta. Ka bi a hankali, an yi ruwa jiya, gadar nan tana da santsi."

Na je, na zauna da ita kusan awa biyu, na ba ta kunu da hannuna, na wuce gonaki na yi aikina a takarda. Ranar Juma'a da safe wayata ta yi ƙara. An samu rahoto cewa ranar Laraba na shafe awa ɗaya da minti hamsin a wani gida a Ibeto wanda ba ya cikin jerin manoman kamfani.

Na karanta sau uku. Abin da ya fi ci mini rai ba tuhumar ba ce, addu'ar da ya yi wa mahaifiyata ce. Na ce a raina, wannan dattijo ya dube ni ya ce in gaishe ta, sannan ya juya ya kai ni. Ni da kaina na tara sauran na ce musu, "Babu sauran shakka. Shi ne."

Ba mu tunkare shi ba. Da mun tunkare shi da labarin nan bai kai haka ba. Dogon nan ya so ya je ya zazzage masa, amma muka hana shi, muka ce mutumin manaja ne, duk abin da aka faɗa masa Abuja zai kai. Sai muka zaɓi abin da ya fi zagi ciwo. Muka janye.

Muka daina cin abinci a bayan ofis, muka koma wajen mai shayi a bakin titi. Idan babur ya samu matsala sai mu kai wa makanikan bakin tasha, ba ma bari ya taɓa. Idan muka dawo ya taso zai zagaya babur, sai mutum ya wuce da shi can gefe ya kulle. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa, daga baya ita ma ta ɗauke. Muna cikin hira idan ya doso sai kowa ya yi shiru, ya tsaya kaɗan, ya ce, "Sannunku da aiki," ya koma rumfarsa.

Akwai kuma wani abu a cikin manhajar. Duk ranar Litinin takan fito da tambayoyi, ta ce ka ba abokan aikinka maki, daga tauraro ɗaya zuwa biyar, a kan haɗin kai da riƙon amana. An rubuta cewa sirri ne. A da biyar-biyar muke danna wa kowa don mu wuce wurin. Yanzu muka yi shawara, duk inda sunan Baba ya fito, tauraro ɗaya. Mun yi haka mako bayan mako. Ni a ganina huce haushi ne kawai, kamar ka ja tsaki bayan mutum ya wuce. Ban ɗauka akwai inda yake zuwa ba.

Matata ce kaɗai ta taɓa ja da ni. Da na ba ta labari ta ce, "Malam, ka tambaye shi?"

Na ce, "In tambaye shi ya ce mini me? Ya ce e, ni ne?"

Ta ce, "Ko ƙarya zai yi, ai ka ji ta daga bakinsa. Ni dai mutumin da ya zo har asibiti lokacin da na haihu, ban ga alamar haka a fuskarsa ba."

Na ce mata ba ta san mutane ba.

Ana cikin haka 'yarsa ta sauke Alƙur'ani. Ya zo ofis da alawa a leda, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gayyata, ya ce walima ranar Asabar a gidansa nan cikin gari. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Babu wanda ya je. Ranar Litinin da safe ya zo da kula a bayan babur ɗinsa, cike da waina da miya, ya ajiye a kan bencin da muke zama a da.

Ya ce, "Na ga aiki ya riƙe ku ba ku samu zuwa ba. Ga rabonku."

Muka ce an gode. Kowa ya hau babur ya tafi. Da na dawo da la'asar kular tana nan inda ya ajiye ta, ba a ko buɗe ba. Na hango shi ya ɗauke ta yana ɗaurewa a bayan babur, a hankali, ba ya kallon kowa. Zuciyata ta ɗan motsa, amma na danne ta. Na ce wayo ne, so yake ya saye mu da waina.

Abin da ya kamata ya farkar da mu shi ne, takardu ba su daina zuwa ba. Mun daina gaya masa komai, mun hana shi taɓa baburanmu, amma rahoto yana tafiya yadda yake tafiya. Maimakon mu ce mun yi kuskure, sai muka ce ashe ba shi kaɗai ba ne. Zargi ya shigo cikinmu. Aka fara kallon wanda takardunsa suka fi ƙaranci. Ni kaina na samu labarin wasu suna cewa ni na fi kowa zaƙewa a kan Baba don in rufe tawa. Dogon nan da muke tafiya Mashegu tare ya koma tafiya shi kaɗai. Na kai matsayin da idan zan yi magana a gidana sai na fara leƙa ƙofa.

Wajen ƙarshen damina, wata Alhamis, muka iso ofis muka tarar Baba yana tattara kayan aikinsa a buhu. An aiko masa da takardar sallama. Ita ce takarda ta farko da ya taɓa samu, kuma ita ce ta ƙarshe. Bai iya karanta Turanci sosai ba, mai gadi ne ya karanta masa. Muka tsaya cirko-cirko. Idan shi ne mai kai rahoto, me zai sa su kore shi? Dogon nan ya ce a hankali, "Sun gama amfani da shi ne." Wasu suka gyaɗa kai. Ni dai a lokacin na fara shakkar abin da muka yi.

Baba ya ɗaura buhunsa, ya zo inda muke, ya ce, "Idan na saɓa wa wani a cikinku, ya yafe mini. Ni dai ban san abin da na yi ba." Ya tafi.

Mako biyu bayan haka wata jami'a daga sashen kula da ma'aikata ta zo daga Abuja. Ƙorafi ya yi yawa daga rassa, aka turo ta ta yi bayanin sabon tsarin. Mace ce mai natsuwa, 'yar Arewa, tana magana da mu da Hausa. Ta haɗa kwamfutarta da allon bango, sai ga taswirar yankinmu ta fito, da layuka masu launi suna ratsa ta kamar zare. Ta ce kowane layi mutum ɗaya ne. Ta danna ɗaya don misali, sai ya zama nawa. Na ga hanyar Ibeto, na ga wani jan ɗigo a daidai gidan yayana, da kwanan wata, da awa ɗaya da minti hamsin.

Na ɗaga hannu.

"Hajiya, ranar nan ban tafi da waya ba. Wa ya kawo muku rahoton?"

Ta dube ni da mamaki. "Babu wanda ya kawo, Malam. Babur ɗinka ne. Duk sababbin baburan akwai na'ura a ƙarƙashin kujera, ita ke turo inda kake. Manhajar ta haɗa da abin da waya ta turo, idan ta ga abin da bai yi mata daidai ba sai ta rubuta takarda. Ba a faɗa muku ba?"

Duk muka juya muka kalli manaja. Shi kuma yana kallon takalminsa.

Dogon nan ya ce, "To me ya sa takardar take cewa an samu rahoto?"

Ta ce, "Haka aka tsara mata ta rubuta."

"Sa hannun da ke ƙasa fa?"

"Shi ma a ciki yake."

Na ce, "Amsoshin da muke turawa, wa ke karantawa? Wannan dogon ya rubuta cewa masu bindiga ya guje wa."

Ta ce, "Manhajar ce ke tace su. Waɗanda ta ga suna da muhimmanci su take miƙo mana. Mu uku ne a sashen, rassa kuma suna da yawa."

Sai na yi tambayar da nake tsoro. Na ce, "Makanikenmu da aka sallama, me ya yi?"

Ta nemo shafinsa. Ta karanta mana kamar yadda ake karanta sakamakon gwajin asibiti. A cikin wata uku, baburan da yake gyarawa sun ragu har sun kusa zama babu. Kuma a tambayoyin ranar Litinin, abokan aikinsa goma sha ɗaya sun ba shi mafi ƙarancin maki a kan riƙon amana, mako goma a jere. Manhajar ta sa shi a jerin waɗanda zamansu ba shi da amfani kuma akwai haɗari a tare da su. Daga nan takarda ta fita.

Ta ɗago ta ce, "Ni na ɗauka wani babban abu ya yi muku. Ban taɓa ganin reshen da bakinsa ya zo ɗaya a kan mutum haka ba."

Wata uku muna neman mai kai rahoto. A cikin reshen nan duka, mutum ɗaya tak aka taɓa kai rahotonsa da hannun ɗan'adam, kuma mu muka kai.

Ni na yi mata bayani, tun daga takardar farko har zuwa kular waina. Ta saurara, ta dafe goshi. Na tambaye ta ko akwai wani mutum da ya duba kafin a kori dattijon da ya fi kowa daɗewa a reshen. Ta ce jerin yana zuwa wa shugabansu ya amince, amma ba ta ce ya karanta ba. Na tambaye ta yadda manhajar take auna laifi, wanne ya fi wanne nauyi. Ta ce gaskiya ita ma ba ta sani ba, kamfanin da ya sayar musu bai bayyana ba, ya ce sirrin sana'arsa ne.

Har yau akwai abin da ban warware ba game da manaja. Ya san da na'urar. Ya ga yadda muka yi wa Baba, don a gabansa aka yi. Da kalma ɗaya zai iya kashe maganar, bai faɗa ba. Ko umarni aka ba shi ya yi shiru, ko kuwa ya ga gara mu zargi juna da mu haɗa kai mu tunkare shi, Allah kaɗai ya sani. Da na tambaye shi daga baya cewa ya yi shi bai lura ba. Ban yarda da shi ba, amma na riga na koyi tsoron abin da nake ji na tabbata da shi.

Muka rubuta takarda, mu goma sha ɗaya muka sa hannu, muka ce makin da muka bayar ƙarya ne, mu muka hana shi aiki. Hajiyar ta tafi da ita, kuma ta yi ƙoƙari, ba zan tauye mata haƙƙinta ba. Sai da aka kusa wata biyu, don an ce babu gurbin da za a shigar da irin wannan gyara a cikin tsarin, sai an kai maganar sama. A ƙarshe aka ce Baba zai iya dawowa. Amma kafin nan ya kwashe iyalinsa ya koma Rijau.

Ni aka wakilta in kai masa saƙo. Na same shi da hantsi a bakin kasuwa, ya kafa 'yar rumfa, yana kwance injin wani babur. Ya gan ni ya miƙe, ya goge hannu a tsumma, ya ba ni benci. Abin da ya fara tambaya shi ne jikin mahaifiyata. Na kasa haɗa ido da shi. Na faɗa masa komai, har tarkon da na ɗana masa da iskar taya. Bai katse ni ba.

Da na gama na ce, "Baba, kai da kake kwance baburan nan, ba ka ga na'urar ba?"

Ya ce, "Na gani tun ranar da aka kawo su. Wani ɗan baƙin akwati. Na tambayi manaja, ya ce na maganin ɓarayi ne, kada in faɗa wa kowa don kada magana ta fita. Ni ban san yana da alaƙa da takardunku ba. Ban ma san takardun me ake aiko muku ba."

"Da ka ga mun juya maka baya, me ya sa ba ka tambaye mu ba?"

Ya yi ɗan murmushi. "Na tambayi kaina dai. Na ce ko Hausata ce ta fara ba ku haushi, ko kun ga tsoho ya cika surutu. Mutum goma sha ɗaya ba za su ƙi ka a banza ba, haka na ɗauka. Na yi ta neman laifina ban samu ba."

Wannan maganar ta fi mini zafi fiye da a ce ya zage ni. Na roƙe shi gafara, na ce kamfani ya ce ya dawo, mu ma muna so ya dawo.

Ya ce, "Na yafe, ɗana. Tun kafin ka zo na yafe, ka faɗa wa sauran. Amma ba zan koma ba. Idan na koma, duk Litinin zan riƙa kallon fuskokinku ina tunanin nawa kuka ba ni yau. Kuma ku ma za ku riƙa ba ni biyar ko na yi kuskure, don kunya. Wannan ba zaman aiki ba ne. A nan idan na gyara wa mutum babur bai yi ba, dawowa yake ya faɗa mini a ido."

Da zan tafi ya ce in jira, ya ja mini sarƙar babur don ya ji ta yi sako-sako, sannan ya koma kan aikinsa.

Na ƙara shekara ɗaya a kamfanin kafin na bari. An ɗan yi gyara, an daina rubuta an samu rahoto, an ce duk wanda za a sallama sai an zauna da shi. Amma ba mu sake komawa yadda muke ba.

Ba na cikin masu cewa na'ura shaiɗan ce. Abin da aka ce ta yi shi ta yi. Ta ga babur ya tsaya, amma ba ta san ko a gaban mara lafiya ya tsaya ba. Ta ga maki, ba ta san ƙiyayya ce ta danna shi ba. Laifin yana kan waɗanda suka ɓoye mana ita, suka ba ta sa hannunsu, suka bar ta tana yanke hukunci a kan abincin mutane ba tare da wani ya tsaya ya ce shi ne mai alhakin ba. Ragowar laifin kuma namu ne, kuma nawa ya fi na kowa.

Abin da na koya shi ne, duk inda aka ce wani abu zai auna ni ko ya auna wani, sai na tambayi me yake gani, wa yake faɗa wa, kuma wane mutum zan samu in yi wa bayani idan ya yi kuskure. Na kuma koyi cewa komai ƙarfin hujjar da nake ganin ina da ita a kan mutum, ba ni da ikon hukunta shi kafin in je in zauna a gabansa in tambaye shi. Tambayar da ba za ta ɗauke ni minti biyar ba na ƙi yi, wani bawan Allah ya rasa aikin da ya tsufa a cikinsa.